Malam Unamuno na Salamanka, Malamin Jami'a kuma Uban 'Ya'ya Tara

(Jawabin da aka gabatar a taron reshe na Ranar Malamai ta Duniya, wanda malamai suka halarta tare da iyalansu)

 

Da aka sanar da ni cewa ni zan yi jawabin bana, kuma aka ce taron har da iyali, sai na ga ya dace in kawo tarihin wani malami da ba a iya ba da labarin aikinsa ba tare da an shiga gidansa ba. Mutumin ƙasar Sifen ne, sunansa Miguel de Unamuno, malamin harshen Girkanci kuma shugaban Jami'ar Salamanka. A wata irin wannan, watan Oktoba na shekarar 1936, aka kore shi daga kujerarsa korar ƙarshe saboda wata magana da ya faɗa a zauren jami'a. Mutanen ƙasarsa har gobe suna tunawa da wannan magana. Ni kuwa ina so mu duba waɗanda suka ɗauki nauyinta tare da shi: matarsa, da 'ya'yansa, da ɗalibansa, da abokan aikinsa, waɗanda suka tsaya masa da waɗanda suka janye jiki.

An haife shi ranar 29 ga Satumba, 1864, a birnin Bilbao na yankin Basƙe, a arewacin Sifen. Bai cika shekara 6 ba mahaifinsa ya rasu, ya tashi a hannun uwa da kaka. Yana ɗan shekara 9 yaƙin basasa ya iso garinsu, aka yi wa Bilbao ƙawanya a 1874, aka riƙa yi mata ruwan harsasan igwa. Daga nan ya tafi Madrid karatu, ya sami digirin digirgir a 1884 yana da kusan shekara 20.

Wanda ya ji haka zai zaci aiki ne zai zo yana nemansa. Ina! A Sifen ta wancan zamani, kujerar koyarwa sai an yi gasar jarrabawa a gaban alƙalai, kuma saurayin nan ya shiga gasar sau da dama yana faɗuwa. Shekara kusan 7 ya yi yana koyarwar wucin-gadi da darussan gida-gida a Bilbao, abin da da yawa daga cikinmu muka ɗanɗana kafin takardar ɗaukar aiki ta fito. Duk tsawon wannan lokaci akwai yarinyar da take jiransa, Concepción Lizárraga, wadda ake kira Concha, da suka san juna tun suna yara. An ɗaura musu aure a garin Gernika a watan Janairu na 1891, kuma a cikin wannan shekarar ya ci gasar kujerar Girkanci ta Salamanka, jami'ar da aka kafa tun 1218. A 1900, yana ɗan shekara 36, aka naɗa shi shugabanta.

Mutanen Salamanka sun san shi da baƙaƙen tufafi, da riga mai rufe wuya, domin ba ya ɗaura lakataya. Sun san shi da doguwar tafiyar ƙafa a hanyar Zamora bayan ya tashi daga aji, da zaman muhawara a gidan gahawa na babban dandalin gari. Mutum ne mai gardama, wanda ba ya barin magana ta wuce bai juya ta ba. Ya koyi harshen Denmak, ya karanta masanin falsafar nan Kierkegaard da harshensa na asali. Ya rubuta littattafan hikaya, da waƙoƙi, da wasan kwaikwayo, da falsafa, da maƙalun jarida bila adadin. Yawan maƙalun nan yana da dalilin da duk mai iyali a cikinmu zai gane: albashin farfesa ba ya isar gida mai 'ya'ya tara, don haka alƙalami ne yake cike giɓin cefane.

A cikin 'ya'yan nan tara akwai na uku, Raimundo, wanda aka haifa a 1896. Yana ɗan watanni ciwon sanƙarau ya kama shi, ya bar masa ruwa a ka, yaron bai taɓa samun lafiya ba har ya rasu a 1902 yana ɗan shekara 6. Mu nan ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba, mun san abin da yake bari a gida idan ya wuce. Uban ya riƙa zana hoton yaron da hannunsa, ya yi masa waƙoƙin reno, kuma zanen nan suna ajiye har yau a tsohon gidan shugaban jami'a, wanda aka mayar gidan tarihi da sunansa. A wani dare na watan Maris na 1897, damuwa ta yi masa yawa, ya farka cikin firgici yana kuka, yana ganin kamar ajalinsa ne ya zo. Concha ta rungume shi, ta kira shi ɗanta. Bai taɓa mantawa da wannan dare ba, ya yi ta komawa gare shi a rubuce-rubucensa har tsufa. Tambayoyin da suka sa duniya ta san shi, game da mutuwa da imani da iyakar hankalin ɗan Adam, waɗanda ya tattara a babban littafinsa na falsafa na 1913, a ɗakin da ake jinyar yaron nan suka fara hana shi barci.

Kada ku ɗauka gidan baƙin ciki ne kawai. Malamin Girkancin nan gwani ne wajen naɗe takarda ya fitar da tsuntsu ko wata dabba, yana yi wa 'ya'yansa, daga baya jikokinsa, har a wurin hira hannunsa ba ya hutawa. Don raha ma ya ƙirƙiro wa sana'ar suna irin na manyan fannonin ilimi, ya rubuta mata sharhi a ƙarshen wani littafin hikaya da ya fitar a 1902. Littafin kansa ya shafe mu. Labarin wani uba ne da ya ƙudurta zai ƙera ɗansa ya zama gagarabadan masani ta hanyar tsarin kimiyya zalla, tun daga zaɓen uwa har abincin da yaron zai ci, ya hana shi tausasawar da yaro yake bukata, ƙarshe yaron ya hallaka kansa. Wanda ya rubuta wannan gargaɗi ga malamai da iyaye, a shekarar ya binne ɗan da bai taɓa iya zama a aji ba.

Yanzu bari mu koma ga abin da faɗin gaskiya ya jawo wa wannan gida. A 1914 ministan ilimi ya tuɓe shi daga shugabancin jami'a ba tare da gamsasshen dalili ba, iyalin suka kwashe kaya suka bar gidan hukuma. A 1920 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 16 bisa zargin cin mutuncin sarki a maƙalunsa, ko da yake ba a zartar da hukuncin ba. A watan Satumba na 1923 Janar Primo de Rivera ya ƙwace mulki, Unamuno kuwa bai sassauta harshensa ba. A watan Fabrairu na 1924 gwamnati ta raba shi da kujerar koyarwarsa da albashinsa, ta tura shi tsibirin Fuerteventura, ɗaya daga tsibiran Kanari, mai nisan kimanin kilomita 100 daga gaɓar Afirka, wuri mai iska da ƙarancin ruwa. Littafi uku ya ɗauka: Sabon Alkawari da Girkanci, da babbar waƙar Dante, da diwanin mawaƙin Italiya Leopardi. Bayan wata huɗu ya fice a jirgin ruwa zuwa Faransa. An yi afuwa, amma ya ce ba zai koma ba muddin janar ɗin yana kan mulki. Ya zauna a Faris, sannan a 1925 ya koma Hendaye, ƙaramin gari a bakin iyaka, inda yake hango duwatsun ƙasar haihuwarsa a tsallaken kogi.

Shekara shida ke nan. Littattafan tarihi sun cika da abin da ya rubuta a wannan zama. To amma iyayen gida da ke zaune a nan za su yi tambayar da ta fi wannan: wa ya riƙe gidan? Concha ce ta zauna a Salamanka da yara, wasu suna karatu, ga albashi an tsayar. Ita ta san yadda tukunya ta riƙa hawa murhu a shekarun nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk malamin da ya taɓa shiga yajin aiki aka riƙe masa albashi ya san cewa shi ne yake fita da kwalin zanga-zanga, amma a madafa ake auna tsawon yajin.

A wannan karo ba a bar shi shi kaɗai ba. Da gwamnati ta tashi ba wa wani kujerarsa a 1926, malamai da ɗalibai suka yi bore a Madrid. Aka kama wasu aka tura su tsibiran Chafarinas da ke gaɓar Maroko, cikinsu har da farfesan shari'a Luis Jiménez de Asúa, da wani saurayi ɗan Salamanka, ɗalibin Unamuno, mai suna Salvador Vila. Ku riƙe sunan saurayin nan, za mu sake haɗuwa da shi. Da mulkin janar ya faɗi a farkon 1930, Unamuno ya tsallaka gadar iyaka ya koma gida a watan Fabrairu, jama'ar Salamanka suka yi dafifi suka tarye shi. Ranar 14 ga Afrilu, 1931, shi ya yi shelar kafuwar Jamhuriya daga benen majalisar gari, aka mayar masa da shugabancin jami'a, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa.

Daga nan gidan ya fara raguwa. 'Yarsa Salomé ta rasu a 1933, ta bar ƙaramin ɗa. Concha ta rasu a watan Mayu na 1934, bayan zaman aure na shekara 43. A cikin wannan shekara ya yi ritaya daga koyarwa, aka yi masa gagarumin bikin karramawa, aka ba shi shugabancin jami'a na tsawon rai. Girma ya cika, amma wadda take kwantar masa da hankali idan ya firgita ba ta nan.

'Yan'uwa, a nan dole in faɗi abin da masu yabo suke tsallakewa, domin mutum tara yake bai cika goma ba. Da sojoji suka yi wa Jamhuriya tawaye a watan Yuli na 1936, Unamuno ya goyi bayansu. Ya gaji da rikici da kashe-kashen siyasa, ya zaci sojoji za su dawo da doka da oda su koma bariki. Mutumin da ya yi shekara shida a gudun hijira saboda wani janar, sai ga shi ya ba wasu janarori sunansa suna tallar kansu da shi a idon duniya. Gwamnatin Madrid ta tuɓe shi a watan Agusta, 'yan tawaye suka mayar da shi. Kuskure ne babba, kuma bai daɗe ba ya fara ganin sakamakonsa a kan mutanen da ya sani. Aka kashe magajin garin Salamanka, Casto Prieto Carrasco, abokinsa kuma farfesa a tsangayar likitanci. Aka kama Atilano Coco, faston cocin Furotesta na garin, wanda shi ma malamin makaranta ne. Aka shiga tantance malaman makarantu, ana korar wasu, ana ɗaure wasu, ana harbe wasu. 'Ya'yansa maza biyu kuwa suna Madrid, a ɗaya ɓangaren fagen fama. Matan waɗanda aka kama suka riƙa zuwa wurinsa da koke, ya je har gaban Janar Franco yana roƙo, bai sami biyan bukata ba.

Ranar 12 ga Oktoba aka yi biki a babban zauren jami'a. Shi ne shugaban zama. A kan dandamali akwai matar Franco, da bishop na Salamanka, da Janar Millán-Astray, wanda ya kafa rundunar sojan Sifen ta ƙetare, ya kuma rasa hannu ɗaya da ido ɗaya a yaƙin Maroko. Zauren cike yake da masu ɗauke da makamai. Ba a tsara Unamuno zai yi jawabi ba. Amma da wani mai jawabi ya shiga zagin mutanen Basƙe da na Kataloniya yana kiransu cutar ƙasa, sai tsohon ya zaro takarda daga aljihu ya fara rubuta 'yan kalmomi a bayanta. Takardar nan wasiƙa ce da matar Atilano Coco ta aiko masa tana roƙon ya ceci mijinta. Tana nan ajiye har yau, da rubutun hannunsa.

Ya miƙe, yana ɗan shekara 72. Ya tuna musu cewa shi kansa Ba-Basƙe ne, bishop ɗin da ke zaune kuma mutumin Kataloniya. Ya ce wannan yaƙi ya fita daga haddin wayewa. Ya ce rinjayar mutum da ƙarfi daban, gamsar da shi daban, kuma ƙiyayyar da ba ta bar wa tausayi gurbi ba ba za ta taɓa gamsar da kowa ba. Janar ɗin ya katse shi da tsawa yana la'antar masu ilimi, zaure ya yamutse, aka fitar da shi tare da matar Franco zuwa mota cikin ihu da zagi. Dogon jawabi mai daɗin ji da ake yawan dangana masa, wani malami ɗan gudun hijira ne, Luis Portillo, ya tsara shi a Landan a 1941, alhali ba ya zauren. Abin da ya fito daga hannun Unamuno kansa shi ne 'yan kalmomin bayan wasiƙar, kuma sun isa shaida. Ku lura cewa maganar tasa maganar malamin aji ce. Duk wanda ya riƙe alli ya san bulala tana iya sa yaro ya yi shiru, amma ba ta sa shi ya gane lissafi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna a duk tarihin nan. Da yammacin ranar ya je kulob ɗin da ya saba zama, aka yi masa ihu har sai da ya fita. Washegari majalisar gari ta cire shi daga cikin mambobinta. Ranar 14 ga wata abokan aikinsa, malaman jami'ar da ya shugabanta shekara da shekaru, suka zauna suka nemi a tuɓe shi. Ranar 22 Franco ya sa hannu. A 1926 malamai sun yarda a kai su tsibiri saboda kujerarsa. A 1936 malamai ne suka miƙa kujerar. Ba na cewa tsoronsu ba shi da dalili, domin a lokacin ana harbe mutane a bayan gari. Amma tarihi ya rubuta abin da kowane rukuni ya yi.

Salvador Vila kuwa, saurayin nan na Chafarinas, ya riga ya zama masanin Larabci da tarihin Musulunci, har an naɗa shi shugaban Jami'ar Granada a 1936, a birnin da ya kasance daular ƙarshe ta Musulmin Andalus. Tawayen ya riske shi yana hutu a Salamanka. Aka kama shi, aka kai shi Granada, aka harbe shi a cikin wannan watan na Oktoba yana ɗan shekara 32. Atilano Coco ma aka harbe shi a watan Disamba. Ɗalibin ya tsaya wa malaminsa, malamin kuwa ya kasa ceton ɗalibinsa.

Sauran kwanakinsa ya yi su ne a gidansa na titin Bordadores, da ɗan sanda yana gadin motsinsa, tare da 'ya'yansa mata da jikan nan da Salomé ta bari. Ya ci gaba da rubutu, yana aika wasiƙun da a cikinsu ya amsa cewa ya yi kuskuren amincewa da sojoji. Ranar 31 ga Disamba, 1936, da la'asar, wani matashin malami ya kawo masa ziyara, suna zaune a gefen teburin da ake sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa saboda sanyi. Ana cikin hira tsohon ya sunkuyar da kai. Baƙon ya zaci gyangyaɗi ne, sai da ya ji ƙaurin takalmin ɗakinsa yana ƙonewa a garwashi, sannan ya gane rai ya yi halinsa. Washegari 'yan jam'iyyar Falange, magoya bayan waɗanda suka tuɓe shi, su ne suka ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa. Sai a 2011, bayan shekara 75, majalisar garin Salamanka ta mayar masa da matsayin da ta ƙwace.

Shugaban taro, na ɗauki lokacinku, bari in taƙaita da roƙo uku. Na farko ga 'yan'uwana malamai. Idan ka tabbata ka goyi bayan abin da bai dace ba, ko a ɗakin malamai, ko a taron reshe, ko a gaban ɗalibai, ka gyara a bainar jama'a kamar yadda ka yi kuskuren a bainar jama'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Unamuno bai jira ya sami zauren da babu bindiga ba.

Na biyu ga shugabannin reshe. Ranar da aka dakatar da ɗayanmu, ko aka yi masa canjin wurin aiki na horo saboda ya ƙi sa hannu a kan sakamakon jarrabawar da aka gyara, ko ya yi magana a kan ajin da rufinsa ya yaye, takardar koke kaɗai ba ta isa ba. A je gidansa a ga matarsa ko mijinta, a tambayi kuɗin makarantar yara, a tambayi haya. Kuma idan aka kawo mana takarda mu sa hannu a kan abokin aiki, mu karanta ta sau biyu, mu tuna malaman Salamanka na ranar 14 ga Oktoba.

Na uku gare ku iyayen gida da 'ya'yan malamai. Ku kuka jure albashin da ya makara, da daren da ake duba takardun jarrabawa da fitilar waya, da canjin gari a tsakiyar zangon karatu. A Salamanka an kafa wa Unamuno mutum-mutumi daura da gidan da ya rasu, amma baƙi kaɗan ne suke tambayar labarin Concha. Ina roƙon shugaban taro ya ba da izini, duk malamin da ke cikin wannan zaure ya miƙe tsaye, mu gaishe da iyalanmu da suke zaune.